Filin Tambaya da Amsa: Okoye ko Mahomes, wa ya fi a tarihin Kansas City Chiefs?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni dai a waya na fara kallon ƙwallon Amurka, da farko ba abin da nake ganewa sai dai in ga ƙattai sun cakumi juna alƙalin wasa na ta jefa ƙyalle rawaya, amma yanzu har tashi nake sha biyu da rabi na dare don in kalli Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar NFL, kuma Kansas City Chiefs nake goya wa baya. To matsalar ita ce yayana da ya yi karatu a Amurka wajajen 1990, ya dage wai Chiefs ba ta taɓa yin ɗan wasa kamar Christian Okoye ɗan Najeriya ba, ni kuma na ce Patrick Mahomes ne, sai ya ce wai mu yaran zamani ba abin da muka sani. Don Allah a raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kai ke da gaskiya, amma kada ka je ka faɗa wa Yaya haka gatsau, don shi ma ba a banza yake magana ba, abin da idonsa ya gani ne.

Bari mu fara da mutumin nasa. Okoye a Inugu aka haife shi a 1961, kuma ba ƙwallo ce ta kai shi Amurka ba, jifan faifai da dalma ya je yi a jami'ar Azusa Pacific da ke Kalifoniya, sai da ya kai shekara 23 kafin ya fara buga wannan wasa bayan Najeriya ba ta saka shi cikin tawagar Olamfik ta 1984 ba. Ka duba fa, mutumin da bai tashi cikin wasan ba, a 1987 Chiefs ta ɗauke shi a zagaye na biyu na zaɓen sabbin 'yan wasa, a 1989 kuma ya fi kowa a gasar NFL gudu da ƙwallo, yadi 1,480, ya tsere wa Barry Sanders da yadi 10 kacal. Ƙato ne mai nauyin sama da kilo 110 kuma ga gudu, idan ya rungumi ƙwallo ya sunkuyar da kai sai mutum biyu ko uku sun taru kafin su kai shi ƙasa, shi ya sa 'yan baya na sauran ƙungiyoyi suke fargabar ranar haɗuwa da shi. Duk ɗan Najeriyar da yake Amurka a lokacin dole ya ji kansa ya yi girma, don haka na fahimci Yaya sarai.

Sai dai kaka shida kawai ya buga, 1987 zuwa 1992, gwiwa da sauran raunuka suka ci shi, bai kai ƙungiyar Super Bowl ba, kuma ko a cikin masu gudu da ƙwallo na Chiefs ɗin akwai waɗanda suka wuce shi a lissafi. Jamaal Charles ne ke riƙe da tarihin ƙungiyar da yadi 7,260, Priest Holmes kuma ya shiga gidan abokan hamayya da gudu sau 27 a kakar 2003 kaɗai. Okoye yana cikin zauren girmamawa na Chiefs, amma babban zauren girmamawa na ƙwallon Amurka gaba ɗaya da ke Canton a jihar Ohayo ba a saka shi ba.

Shi kuwa Mahomes abin da ya sa na ce babu gardama a kansa shi ne, kafin ya kawo kofinsa na farko ƙungiyar nan ta yi shekara 50 cur ba ta ɗaga kofi ba, daga Janairun 1970 har Fabrairun 2020, mutane sun haifi 'ya'ya sun ga jikoki suna jira. An ɗauke shi a 2017 daga jami'ar Texas Tech a matsayin mai jefa ƙwallo, ya yi shekara guda a benci yana kallon Alex Smith da ke riƙe da gurbin, da aka ba shi dama a 2018 sai ya jefa ƙwallon ci 50 da yadi sama da 5,000 aka ba shi gwarzon shekara. Kofi uku ya kawo, 2020 da 2023 da 2024, kuma duk ukun shi aka zaɓa gwarzon wasan ƙarshe.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai ma ba kofunan ba ne, yadda yake tsamo su daga rami ne. A Janairun 2020 Houston ta yi musu 24 da nema, suka tashi 51 da 31. A wasan ƙarshe na shekarar San Francisco na gaba 20 da 10 saura kamar minti bakwai, ga su a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba su suna buƙatar yadi 15, ya ja da baya ya ja da baya ƙattai na rufto masa, ya cilla wa Tyreek Hill ƙwallo mai nisan yadi 44, daga nan wasa ya juye suka ci 31 da 20. Sai kuma na Buffalo a Janairun 2022, an ci su saura daƙiƙa 13 a tashi, daƙiƙa 13 fa ba minti ba, ya yi jifa biyu ya kai su inda aka buga aka yi canjaras, suka cinye a ƙarin lokaci. To shi ma ya sha kashi, Tampa Bay ta Tom Brady ta lallasa su 31 da 9 a 2021, Philadelphia da suka doke a wasan ƙarshe na 2023 ta rama nata 40 da 22 a 2025, kada ka ɓoye wa Yaya wannan idan ya tambaya.

Inda musun yake da daɗi a wurina shi ne waye na biyu, nan ne su kansu mutanen Kansas City suke raba gari. Dattawa za su ce Len Dawson, mai jefa ƙwallon da ya zo tun ƙungiyar tana Dallas da sunan Texans kafin mai ƙungiyar Lamar Hunt ya mayar da ita Kansas City a 1963, shi ya kai su Super Bowl na farko a tarihi inda Green Bay ta doke su 35 da 10, shi kuma ya ci musu Super Bowl na huɗu a tarihi a kan Minnesota 23 da 7. Akwai hotonsa da ya shahara yana zaune a kujera yana zuƙar sigari lokacin hutun rabin lokaci a wancan wasan farko, ka ga irin zamanin. Kuma lissafinsa ba za a jera shi da na yanzu ba, a lokacin wasa 14 ake yi a kaka yanzu 17, sannan dokoki ba su kare mai jefa ƙwallo kamar yau ba, duka ake yi na gaske.

Amma ni Derrick Thomas nake ba wa na biyu, mai lamba 58. Aikinsa shi ne ya kutsa ya kayar da mai jefa ƙwallo kafin ƙwallon ta bar hannunsa, ya yi haka sau 126 da rabi a rayuwarsa ta wasa. Ranar 11 ga Nuwamba 1990 a filin Arrowhead, gidan Chiefs, ya kayar da Dave Krieg na Seattle sau bakwai a wasa ɗaya, har yau ba wanda ya karya wannan, kuma ranar tunawa da tsofaffin sojoji ce, shi kuwa mahaifinsa sojan sama ne da ya mutu a yaƙin Biyetnam. Abin takaicin, a yunƙurin ƙarshe na wasan ya sake cafko Krieg za a yi na takwas sai mutumin ya zille masa ya jefa ƙwallon ci, Chiefs ta faɗi 17 da 16. Ya rasu a Fabrairun 2000 yana da shekara 33 bayan haɗarin mota, bai taɓa buga Super Bowl ba. Yaya ya san shi tabbas, tare suka yi wasa da Okoye.

Kuma a riƙa tunawa da 'yan bayan Chiefs na kakar 1969, shida daga cikinsu suna Canton, ciki har da Bobby Bell da Buck Buchanan da Willie Lanier. Buchanan daga Grambling ya fito, Lanier daga Morgan State, jami'o'in baƙar fata ne da manyan ƙungiyoyi ba su cika leƙawa ba a lokacin, Chiefs ta je ta kwaso.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni tawa gajeriya ce, tsakanin Travis Kelce da Tony Gonzalez wa ya fi? Ƙawata ta ce Kelce don budurwarsa kawai aka san shi. Daga wata mai karatu a Abuja.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata. Ki ce wa ƙawar taki kafin mawaƙiyar nan Taylor Swift ta fara zuwa kallon wasansa a 2023, Kelce ya riga ya yi kaka bakwai a jere yana cafe ƙwallon da ta haura yadi 1,000, daga 2016 zuwa 2022, ba wanda ya taɓa yin haka a matsayin da yake bugawa, wato tight end, mai tare abokan hamayya kuma ya cafe ƙwallo, wanda shi ne matsayin Gonzalez ma, kuma yana da kofi biyu a aljihu tun lokacin. A wasannin fitar da gwani ma ya wuce Jerry Rice, wanda ke riƙe da tarihin a da, yawan cafe ƙwallo.

Gonzalez kuwa ni tausayi yake ba ni, shekara 12 ya yi a Chiefs daga 1997 zuwa 2008, ɗan ƙwallon kwando ne tun a jami'a shi ya sa idan ya yi tsalle a tsakiyar mutum biyu shi ke saukowa da ƙwallo, amma masu jefa masa sai canzawa suke yi kuma ba wanda ya kama ƙafar Mahomes a cikinsu, bai ci wasan fitar da gwani ko ɗaya ba sai da ya koma Atlanta. Idan tarihin Chiefs ake magana Kelce ne, ya ma karya tarihin yadin Gonzalez a ƙungiyar a 2023. Idan kuma aka ce in zaɓi ɗaya in haɗa shi da mai jifa na tsaka-tsaki, to Gonzalez zan ɗauka, don shi mun riga mun ga abin da ya yi a hakan.