Sabon zuwa Berlin: da me za a fara?

Malam, ka ce ka sauka a Berlin komai na neman rikita ka, kana tambayar da me za ka fara. Rajistar adireshi, wato Anmeldung, ita ce gaba da komai. Doka ta ba ka kwana 14 daga ranar da ka tare. Ka je Bürgeramt, wato ofishin hukuma mai kula da rajistar mazauna, da fasfo da takardar shaida daga mai gida. Yarjejeniyar haya kaɗai ba ta isa, nan da yawa ke yin tuntuɓe. Samun ranar ganawa kuwa sai an dage, ka riƙa leƙa shafinsu da sassafe.

Bayan rajista, lambar harajinka za ta zo ta gidan waya. To, ka manna sunanka a akwatin wasiƙu tun yau, don mai rabon wasiƙa suna yake bi, ba lambar ɗaki ba. In bai gani ba, wasiƙar ta koma.

Kuɗin ajiyar haya ba ya wuce na wata 3, kuma ana iya biya kashi 3. Tikitin jirgin ƙasa na cikin gari, in na takarda ne, ka buga masa tambari kafin ka shiga, in ba haka ba tarar Yuro 60 ce. Ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke, sai 'yan kaɗan kamar na manyan tashoshi.