Tankin roka da maganar jan mekuri

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena yana sana'ar tsofaffin ƙarafa a nan Kumasi. Wasu sun yi masa tallar wani tanki da suka ce daga jikin roka ya faɗo, wai a cikinsa akwai jan mekurin da ke tura ta sararin samaniya. Yanzu yana shirin sayar da babur ɗinsa ya saya ya fasa, kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Shin da gaske ne? Daga wata 'yar'uwa a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki dakatar da shi tun yau, kafin babur ɗin ya fita daga hannunsa.

Abin da ke tura roka sananne ne. Tana ɗauke da mai da kuma iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa, domin a can sama babu iskar da wuta za ta ci. Famfuna ke tura su cikin ɗakin ƙuna, inda zafi ke wuce digiri 3,000, sai tiririn ya fice ta bututun baya da gudun kusan kilomita 3 a daƙiƙa, ita kuma ta yi gaba. Kafin ta iya kewaya duniya sai gudunta ya kai kimanin kilomita 28,000 a awa, shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinta mai ne da oksijin, kuma take yar da sassan da suka ƙare a hanya. Rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata a 1969 tataccen kananzir ta ƙona a matakinta na farko, haka ma rokar Falcon 9 da ta ɗaga tauraron ɗan'adam na Ghana mai suna GhanaSat-1, aikin Jami'ar All Nations ta Koforidua, a 2017.

Shi kuwa jan mekuri, babu shi. Na gaji da jin wannan magana a majalisun zango da kuma WhatsApp: jiya an ce yana cikin tsohuwar keken ɗinki, yau an ce yana cikin roka. 'Yan damfara ne ke sauya masa mazauni duk lokacin da mutane suka farga, kuma babu injin roka ko ɗaya da ke aiki da shi. Mai sayar da arzikin miliyoyi a kan kuɗin babur ai ya san abin da ke hannunsa.

Tarkacen roka kan faɗo, wannan gaskiya ne. A watan Mayun 2020 ɓaraguzan rokar Sin mai suna Long March 5B sun sauka a ƙauyukan Kwaddibuwa. Amma idan tankin nan na gaske ne, lamarin ya fi muni. Taurarin ɗan'adam da wasu matakan roka na sama suna amfani da haidirazin, wani ruwa marar launi mai warin amoniya, wanda ke ƙona fata ya lalata huhu da hanta. Ma'aikatan da ke ɗura shi sukan rufe jikinsu ruf da riga mai iskar shaƙa a ciki, shi kuwa ƙanenki da guduma da wutar walda zai tunkare shi, a unguwar da yara ke wasa.

Ki gaya masa kada ya taɓa tankin, kada ya shinshina, kada ya bari a shigo masa da shi shago. Idan ya san inda yake ajiye, ya sanar da 'yan kwana-kwana ko hukumar NADMO mai kula da bala'o'i a Ghana. In ya ƙi jin taki, ki haɗa shi da limamin unguwa ko sarkin zango.