Fim ɗin McEnroe: wanke shi aka yi ko gaskiya aka faɗa?

Ƙanena, ka ce ka kalli fim ɗin tarihin John McEnroe, tsohon gwanin tanis ɗan Amurka, sai ka tarar da masu sharhi sun rabu biyu, wasu na yabo, wasu na cewa wankiya ce kawai, kana tambaya wa za ka bi. Ni dai ba masanin fim ba ne, amma na yi shekaru ina tsayuwa a bakin layi a matsayin mai kiran ƙwallon da ta fita a ƙananan gasannin tanis, kuma na sha zagin 'yan wasa har na ƙoshi, don haka bari in tofa albarkacin bakina.

Da farko ka tantance wane fim kake nufi, domin biyu ne, kuma mutane na cakuɗa su. Akwai na Bafaranshe Julien Faraut na 2018, akwai kuma na Barney Douglas na 2022. Wanda aka fi zarga da wankiya shi ne na biyun. A cikinsa McEnroe ne ke yawo a titunan birnin New York da tsakar dare yana ba da labarin kansa, ga tsofaffin gwanayen tanis Bjorn Borg da Billie Jean King da matarsa Patty Smyth da 'ya'yansa suna ƙarawa. Matarsa ta farko, Tatum O'Neal, wadda suka rabu a 1994, ba a zauna da ita ba, alhali zaman nasu na cikin abin da ake tattaunawa. Masu suka sun kama wannan, kuma ina bayansu. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Duk da haka ban ce ƙarya ya shara ba. Inda ya yi maganar mahaifinsa, wanda lauya ne kuma manajansa, ka ji mutum na faɗin abin da ke cinsa.

Na Faraut shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ba hira aka yi da McEnroe ba. Tsofaffin hotuna ne da Gil de Kermadec ya ɗauka a filin Roland Garros, filin jar ƙasa da ake buga gasar Faransa, don koyar da 'yan wasa, kyamara ta kafe a kan mutum ɗaya, sau da yawa ko abokin karawarsa ba ka gani. Kana ganin yadda yake juya wa raga baya kafin ya buga ƙwallon farko, da yadda hannun hagun nan ke sauke ƙwallo a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Sai kuma faɗan. A jar ƙasa ƙwallo na barin tabo, don haka za ka ga an tsaya ana nuna ƙasa da raket, alƙali ya sauko daga kujera, McEnroe ya ce ba wannan tabon ba ne, wancan ne. Waɗanda suka kushe fim ɗin cewa suka yi falsafa ta yi masa yawa, ana ta kwatanta tanis da sana'ar fim. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ni ma akwai wurin da na yi hamma. Amma ƙarshensa ya biya. A 1984 McEnroe ya ci wasa 82, ya faɗi uku kacal, kuma ɗaya daga cikin ukun shi ne wasan ƙarshe na gasar Faransa da Ivan Lendl. Ya ci saiti (zagayen wasa) biyu na farko, 6-3 da 6-2, saura ɗaya kofi ya zo hannu. A saiti na uku ƙarar da ke fita daga abin kunnen wani mai ɗaukar hoto ta dame shi, ya je ya daka tsawa a ciki. Lendl ya kwashe sauran ukun. Har ya yi ritaya bai ci wannan gasar ba, duk da kofunan Wimbledon uku da na Amurka huɗu.

Masu yabon fim ɗin na son cewa fushin nan makami ne, da shi yake kunna kansa ya kuma rikita abokin wasa. To ranar Lendl fa? Wa makamin ya sara?

Abin da ban gani ba a sharhin da na karanta, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan, shi ne ɓangaren wanda ake zagi. Na taɓa kiran ƙwallo a waje a wani wasan matasa, yaron da bai kai ɗan cikina ba ya tako har gabana ya tambaye ni ko na manta tabarau a gida. 'Yan kallo suka fashe da dariya. Doka ta hana ni ramawa, sai in haɗa hannu a baya in kalli gaba. Kuma abin haushin, har yau ban tabbata ƙwallon nan ta fita ba. Idan na ga McEnroe a Wimbledon ta 1981 yana yi wa alƙali Edward James ihun nan da ya zama tambarinsa, "You cannot be serious" (wato wasa kake yi), ni fuskar alƙalin nake kallo. Finafinan biyu duk sun mayar da irinmu kayan ado a labarin gwani. Sai a 1990, a gasar Ostireliya, aka samu masu ƙarfin halin korarsa daga wasa, lokacin tauraronsa ya riga ya fara dusashewa.

Shawarata, fara da na 2018 don ka ga wasan da idonka, sannan ka koma na 2022 ka saurari uzurinsa, kana sane da cewa mai gida ne ke ba da labarin gidansa. Kuma idan ka zo wurin jayayyar tabo, dubi mutumin da ke tsaye a bayansa. Wimbledon ta sallami masu kula da layi a 2025, na'ura ce ke kira yanzu, ita kuwa ko an yi mata ihu ba ta kwana da shi.