Zuwa Dutsen Hannun Giwa daga Guangzhou

Alhaji, ka ce kana Guangzhou sarin kaya, kana tambaya ko kwana ɗaya zai isa ka je birnin Guilin, nan cikin ƙasar Sin, ganin Dutsen Hannun Giwa ka dawo. Zai isa. Jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum cikin kusan awa 3, dutsen kuma a cikin gari yake, daidai inda kogin Taohua ya haɗu da kogin Li. Awa biyu ta ishe ka zagayawa, har da hawa sama wajen tsohuwar hasumiyar zamanin daular Ming.

Sai dai ka duba lokaci. Ni a watan Yuni na je, damina ta kankama, ruwa ya cika ya yi jajir kamar kunun kanwa, ban samu sauka kusa da kogon da ke gindin dutsen ba. Kogon nan kuwa shi ne abin kallon: ruwa ne ya cinye dutsen farar ƙasar, ya bar rami tsakanin hannu da ƙafa, sai ka rantse giwa ce ta duƙa shan ruwa. In da hali ka bari sai Oktoba. Ka tafi da fasfo ɗinka, da shi ake shiga jirgin.