Amsata a kan Baffa: ko shanyewar ɓarin jiki tana dawowa?

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri sai yanzu, tun safe ina bakin aiki, sai da na yi isha'i na samu na saurari saƙonninku. Muryar za ta ɗan yi tsawo, don Allah a daure a ji har ƙarshe, kuma wanda ke kusa da Inna ya kunna mata.

Ƙanina, tambayarka ita ce Baffa ya samu sauƙi, yana dogara sanda har masallaci, maganarsa ta fito, kuma tun bayan ƙaramar salla bai sake shan maganin asibiti ba. Ka ce shin ciwon nan yana dawowa ne, ko an rabu ke nan?

To, yana dawowa. Wallahi da na ji ka ce wata da watanni ba ya shan magani, sai da gabana ya faɗi. Ba don in tayar wa kowa da hankali nake faɗa ba, shekaruna a aikin jinya ne suka nuna mini, kuma Baffa ubana ne kamar yadda yake ubanka.

Ka ga, mu hannu da ƙafa muke kallo, alhali ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Ko dai wata jijiyar jini ta toshe, ko ta fashe, sai wurin da take shayarwa ya mutu. Hannun da ya dawo, ƙwaƙwalwa ce ta nemo wata hanya. Amma jijiyoyin nan suna nan yadda suke, abin da ya ɓata su kuma yana nan yana aikinsa. Kamar katangar ƙasa ce da damina ta zubar da gefe ɗaya, aka kwaɓa aka ɗaga, amma ba a gyara indararon da ke zuba a gindinta ba. Kowa ya san abin da zai faru wata daminar.

Masu bincike da suka tattara bayanai daga ƙasashe da dama sun ga cewa cikin mutum 100 da ciwon ya taɓa bugewa, kusan 11 yana sake buge su a shekarar farko, kusan 26 kuma kafin shekara 5. Wato mutum ɗaya cikin huɗu. Kuma na biyun galibi ya fi na farko muni, don ya tarar da ƙwaƙwalwar da ta riga ta yi rauni. Akwai kuma wani babban bincike da aka yi a Najeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, aka fitar da shi a 2018. Sun duba masu ciwon sama da 2,000, suka ga kusan kashi 90 cikin 100 na matsalar yana komawa ne ga hawan jini. Shi ne indararon.

Shi kuwa hawan jini ba ya sallama. Mutum zai ce mini, "Malama, ni fa kaina ba ya ciwo, ba na jin jiri." A ɗaura masa abin awo a ga 190 bisa 110, yana zaune yana hira. Wanda ya taɓa samun shanyewa, so ake a riƙe jininsa ƙasa da 130 bisa 80, kuma ba a sanin haka sai da awo. Maganin ba irin na zazzaɓi ba ne da za a sha kwana uku a ce an gama. Kullum ne, har iyakar rayuwa. Ranar da aka daina, cikin kwanaki jinin ya koma inda yake.

Bari in ba ku labarin wani dattijo, ba zan faɗi garinsu ba. Manomi ne, an kawo mana shi bakinsa ya karkace, hannun hagu ba ya ɗaguwa. Allah ya taimaka ya miƙe, har ya koma yana zagaya gonarsa. Wata bakwai bayan nan, tsakiyar damina, aka sake kawo shi a kwance cikin a-kori-kura, wannan karon ko ruwa ba ya iya haɗiyewa. Da nake cire masa riga, sai na ji wani abu a aljihu. Fallen maganin da muka ba shi ne, ya lanƙwashe, duk an ɓalle sai ƙwaya biyu, su ma an raba su rabi-rabi da reza. Ɗansa ya ce mini rabawa yake yi don ya kai shi kaka, saboda kuɗin da ke hannu an sa a taki. Daga baya ma ya daina taɓa sauran, yana ajiye su sai ranar da ya ji jikinsa ba daɗi. Na daɗe riƙe da fallen nan a hannuna. Mutumin nan bai raina magani ba, yana ɗauke da shi a ƙirjinsa.

Abin da ke mayar da ciwon nan a ƙauye ke nan, ƙanina. Ba taurin kai ba ne kawai kamar yadda muke saurin cewa. Magani ya ƙare ana tsakiyar noma, rumbu ya yi ƙasa. Asibitin da aka rubuta maganin yana birni, kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum biyu ya fi kuɗin maganin kansa, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023. Hanya ta yanke saboda ruwa. Dattijo kuma ba zai buɗe baki ya ce wa 'ya'yansa maganina ya ƙare ba, kunya yake ji, gani yake ya riga ya ci musu kuɗi da yawa. Kun san halin Baffa, ko yunwa yake ji sai ya ce ya ƙoshi. Don haka kada wanda ya je ya yi masa faɗa. Laifin namu ne da ba mu tambaya ba.

Sai maganar kemis. Mai ciwon nan yana fama da ciwon kafaɗa da gwiwa, sai a aiki yaro ya karɓo haɗin maganin ciwon jiki. A cikin ƙullin nan akwai irin su daiklofenak da ibufurofen, kuma suna ɗaga jini, suna wahalar da ƙoda. Idan ciwon jiki ne a ba shi farasitamol, in bai ji ba a kira ni. Haka asfirin. Na ji wani a nan ya ce a saya masa asfirin tunda yana tsinka jini. Don Allah a dakata. Wanda jijiyarsa ta toshe, asfirin yana kare shi. Wanda tasa ta fashe, zai iya ƙara masa zubar jini a ka, kuma a binciken can da na ambata kusan ɗaya cikin uku fashewa ce. Hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke bambancewa, shi ya sa nake son ganin takardar da aka sallame shi da ita.

Inna, ina wuni, maganar nan taki ce. Gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, giram 5, har da wanda ke cikin miya. Magi gishiri ne, kanwa ma danginsa ce. Na san miyar kuka ba magi sai a hankali, amma a ɗebi ta Baffa kafin a zuba, a ƙara masa daddawa da albasa da citta. Zogale, rama, alayyafo, duk ganyen da ke bayan gida a yawaita masa, binciken nan ma ya nuna masu cin ganye kullum sun fi tsira. A duba masa sukari kuma, don sau da yawa tare suke tafiya.

Batun addu'a da rubutu, ni ban hana ba, ni ma ina yi masa. Na san har yanzu akwai masu cewa iska ce ta buge shi tunda a banɗaki ya faɗi. A yi addu'a, a sha magani, ba su hana juna ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wani ya ce a ajiye na asibiti sai an gama nasa. In azumi ya zo ma ba hujja ba ne, maganin hawan jini irin amlodifin sau ɗaya ake sha a rana, ana iya mayar da shi lokacin sahur ko bayan shan ruwa.

Mutanen gida kuma ku riƙe wannan. In kun ga bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ido ɗaya ya rufe, ko da minti biyar ya yi ya wuce, to a nemi mota a lokacin, ba sai gari ya waye ba. Wanda ya zo ya wuce ɗin nan gargaɗi ne, babban yana iya biyo baya cikin 'yan kwanaki. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu yana kwance, shaƙewa zai yi ya tafi huhu. A kwantar da shi a gefensa a taho.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Mu goma sha ɗaya ne masu ɗan abin hannu a nan. Kowa ya ɗauki kuɗin maganin wata ɗaya, ni na ɗauki biyu, kuma a riƙa sayen na wata uku a haɗe don kada damina ta yanke mu. Na'urar awon jini ta batir ni zan saya, zan koya wa wanda ke kwana a gidan, ya riƙa rubutawa a littafi safe da yamma. Amma kada a je a ci gaba da tsohon magani haka kawai, sai an auna an ga inda jinin yake.

Ƙanina, gobe da safe ka ɗauki hoton kwalayen da takardar sallamar ka turo mini. Ranar kasuwa in sha Allahu zan shigo da motar farko, ka ce wa Baffa ya jira ni kada ya fita gona. Allah ya ƙara masa lafiya. Sai da safe.