Amsa: Mai girki da itace ma tana da abin da za ta rage

'Yar'uwa, kin tambaya ko wadda ba ta da mota, girki kawai take yi da itace, tana da abin da za ta rage daga hayaƙin da ke ɗumama duniya. Gaskiya namu bai kama ƙafar na Amurka ko China ba, amma mu ke shan zafin da kwararowar hamada.

Ki fara daga murhu. Na duwatsu uku yana barin yawancin zafin wuta ya tsere ta gefen tukunya. Ki nemi murhu mai tsimin itace, ko na laka da ake ginawa a gida, ki riƙa rufe tukunya, ki jiƙa wake tun dare. Kuɗin itace zai ragu, idonki da ƙirjin yara su huta. Gawayi ya fi ɓarna, don sai an ƙona itace mai yawa kafin a cika buhu guda. In da hali, gas ya fi.

Don Allah a daina hura wuta da leda, guba ce.

In kuna da gona, ki ce wa maigida ya bar gawon da ke tohowa. Haka manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun shekarun 1980, miliyoyin itatuwa suka dawo, gero kuma ya fi yin kyau a ƙarƙashin gawo.