Waƙar Niƙa ta Kakarmu: Ta Yaya Za Mu Gano Asalinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai wata waƙa da kakarmu, mahaifiyar babanmu, takan yi in tana niƙa ko tana rarrashin jikoki. Allah ya yi mata rasuwa, yanzu gwaggonninmu biyu ne kaɗai suka riƙe ta, kuma kowacce da yadda take rera ta. A ciki ana ambaton madugu da hanyar Gwanja, a wani wurin kuma jirgin ƙasa da sule goma, sannan akwai kalmomi biyu da ba wanda ya san ma'anarsu. Na duba intanet ban sami komai ba. Wa ya yi waƙar nan, kuma yaushe? Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan kaka, ya kai haske kabarinta.

Abin da zan fara gaya maka shi ne, waƙar niƙa da ta daka da ta daɓe da ta raino galibi ba su da mawaƙi guda da za a nuna a ce shi ya ƙaga su. Mace takan gaji amshin daga uwarta, ta ɗora nata baitocin gwargwadon abin da ke damunta, 'yarta ma ta yi haka. Saboda haka abin da za ka iya ganowa shi ne yankin da waƙar ta fito, da hanyar da ta bi ta shigo gidanku, da zamanin da aka ƙara kowane sashe nata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ana samunsa in an bi a hankali.

Kafin komai, ka ɗauki muryar gwaggonnin nan, kada ka jinkirta. Kowacce ita kaɗai, don in ka haɗa su wuri ɗaya ƙaramar za ta bi bakin babbar saboda kunya, kai kuwa bambancin da ke tsakaninsu shi kake nema. Ka zaɓi ɗaki mai shiru, a kashe fanka da janareta, ka rufe layin wayar don kada kira ya katse ɗaukar, ka ajiye ta kamar taki ɗaya daga bakinta. Ka fara da faɗin kwanan wata da sunan garin. Kada ka rera mata waƙar don tuna mata, domin abin da ka rera shi za ta maimaita maka. In ta kakare, a kawo mata dutsen niƙa da ɗan hatsi, ko a ba ta jariri ta riƙe. Waƙar aiki da motsin hannu take tafiya, sau da yawa baitin da ya ɓace a zaune yakan dawo da zarar hannu ya kama aiki. Ka ɗauka sau uku a ranaku daban-daban, ka kuma ajiye kwafi a wani wuri ban da wayar.

Bayan ta gama sai tambayoyi. A bakin wa kakar ta koya? Ta zo da ita daga gidansu ne, ko a gidan miji ta tarar? Wane gari aka haifi mahaifiyarta? Wa ya riƙe ta tana ƙarama? Nan ne masu bincike da yawa suke ɓata hanya: sukan bi asalin uba, alhali waƙar mata ta wajen uwa take gangarowa, kuma aure yana ɗauke ta daga gari zuwa gari. Wani lokacin ma daga kishiya aka koya, ko daga uwar goyo, ko maƙwabciya da ake taya juna daka.

Sai rubutawa. Duk inda ta ja numfashi ka sauka layi, ka ba layukan lamba. Ka rubuta abin da kunnenka ya ji, kada ka gyara mata Hausa. In ta ce “sunka tahi”, kada ka mayar “suka tafi”. In ta ce “hwara” ko “ɗiya”, ka bar su haka. Mace tana iya shekara sittin a Funtuwa ko Kano harshenta ya juye, amma waƙar da ta koya tana yarinya ta riƙe karin garinsu. Irin su “munka” da “sunka” da “yat tahi” suna nuna Hausar yamma, wato Sakkwato da Zamfara da Gobir da Kabi har cikin Nijar. Daga nan ka jera rubutun gwaggonnin biyu gefe da gefe. Abin da suka haɗu a kai, musamman amshi, shi ne ya fi yiwuwa ya zama tsohon ginshiƙin waƙar. Inda suka rabu, akwai alamar ƙari ne na baya.

Yanzu ga alamun da ka kawo. Fataucin goro zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, da ayarin jakuna ƙarƙashin madugu, ya yi ƙarfi a ƙarni na 19. Babbar kasuwarsa Salaga ce, kuma yaƙin basasar da aka yi a can a 1892 ya tarwatsa fatake. Jirgin ƙasa kuwa ya iso Kano a 1911, layin da ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Da goro ya koma biyo jirgi daga Ikko, wato Legas, zamanin ayarin Gwanja ya ja baya. Ka ga ke nan waƙarku tana ɗauke da zamani biyu aƙalla, kuma kusan tabbas baitin jirgi ɗorawa aka yi a kan tsohuwar waƙar matar bafatake mai jiran miji.

Amma ka kula da ƙa'ida ɗaya: kalma baitin da take ciki kawai take ba wa shekaru, ban da sauran waƙar. Kuma iyakar farko take nunawa. Baitin jirgi ba zai riga zuwan jirgi ba, amma yana iya zama an yi shi shekara arba'in bayan haka. Haka sule yake. Ya shigo da mulkin Turawa, aka daina kashe shi da zuwan naira a 1973, amma mutane suka ci gaba da kiran kwabo goma sule, naira ɗaya kuma sule goma. Ita ma Gwanja ta zauna a bakin mutane da daɗewa bayan ayari ya daina zuwa. Da a ce kuɗin wuri aka ambata, ko dala da tamma irin na ƙasar Faransa, ko yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko tafiya yaƙin Bama, da lissafin ya ƙara matsewa. Ka sake sauraro ko akwai irinsu.

Kalmomin nan biyu kada ka yi saurin cewa ba su da ma'ana. Ka fara da ƙamusun Bargery na 1934, wanda yake nuna kalmar Sakkwato ce ko ta Katsina, kuma ana iya bincika shi a intanet. In babu, ka kunna muryar, ba rubutunka ba, ga mai jin Fulatanci da Barbarci da Nufanci da Zabarmanci da Buzanci. Kalmar aro takan lanƙwashe a bakin wanda bai san harshen ba, har sai mai harshen ya ji ta da karinta sannan ya gane. Tana iya kuma zama laƙabi, tun da mace ba ta kiran sunan miji ko na ɗan fari, sai ta sakaya. In kuma sarauta ce, a nemi kirarin da ke biye da ita, domin Sarkin Gobir kaɗai akwai shi a Isa da Sabon Birni da Gwadabawa da Tsibiri.

Akwai hanyoyi biyu da za su iya kai ka ga mawaƙi mai suna. In ka ga baitocin tsayinsu ɗaya, ƙarshensu yana faɗawa kan amsa-amo guda, ga salati a farko ko wa'azi a ciki, to wataƙila rubutacciyar waƙa ce ta ajami da ta shiga cikin gida. Haka waƙoƙin Nana Asma'u suka yaɗu ta hannun malamai mata da ake kira jaji da ɗalibansu 'yan taru, haka kuma Imfiraji ta Aliyu Namangi ta shiga gidaje ta bakin makafi masu bara. Irin wannan malamin da ya san ajami zai gane ta, wani lokacin ma akwai ramzi a ƙarshenta, wato haruffan da ke nuna shekarar da aka rubuta ta. Hanya ta biyu ita ce rediyo. Tun da gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, waƙoƙin amada da na makaɗan fada suka cika tsakar gida, mata suka riƙa tsintar baiti suna sakawa cikin nasu. Sai dai a nan ma a yi hattara: jin baiti a kaset ɗin wani makaɗi ba ya nuna shi ya ƙaga shi, don su ma makaɗa suna ɗiba daga waƙoƙin gaɗa da na daɓe. Ma'aunin shi ne shekarar da kakar ta koya. In gwaggonninka sun tabbatar tun kafin aurenta take yi, kuma aurenta ya riga faifan, to gidanku ya riga shi.

In ka haɗa muryoyin da rubutun, ka kai su sashen Hausa na jami'a mafi kusa, ko Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko gidan adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Ɗalibai sun tattara waƙoƙin mata masu yawa a kundayen digiri waɗanda ba su hau intanet ba, shi ya sa bincikenka bai haifar da komai ba. Littafin labarin Baba ta Karo, wanda aka ɗauka daga bakinta a 1949 da 1950 a ƙasar Zazzau, shi ma yana da waƙoƙin mata da za ka gwada da taku. In karin harshen ya nuna Nijar, akwai cibiyar tattara adabin baka a Yamai.

Duk da haka, a ganina tafiya ɗaya zuwa garin mahaifiyar kakar ta fi waɗannan duka saurin biyan buƙata. Ka tafi da wata 'yar'uwarka da za ta iya shiga cikin gida, ku riƙe goro, ku nemi tsofaffin mata ko zabiyar garin. Ku kunna musu layi biyu na farko kawai, ku tsayar. In suka karɓe amshin suka ci gaba da kansu, ku kunna na'urar ɗauka, ku tambaye su a bakin wa su kuma suka ji.